Gida na Arba'in da Biyu

Litinin, 10 ga Yuli, 2023

Yau aka ba mu kayan aiki. Kwana uku muna zaune a kan benci a asibitin sha-ka-tafi ana koya mana, ƙarshenta abin da na dawo da shi gida bai fi kamu ɗaya ba: wata 'yar siririyar roba mai launi uku, sai littafin rajista da biro. Robar ita ce ma'aunin damtse. A zagaya shi a hannun yaro na hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a duba launin da ya fito. Kore, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, a gyara abinci. Ja, tamowa ce, a kai yaro asibiti ranar Laraba, babu wani sai an yi shawara.

Mu biyu ne 'yan sa-kai a nan, ni da Ramlat. Malama Raudatu, ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa mana daga Bacirawa, ita ta raba mana gidaje. Nawa arba'in da biyu, daga bakin masallacin Juma'a har Tsamiyar Mati. Ban da yara, za mu rubuta sunayen tsofaffi, wai akwai masu duba ido da za su zo.

Babu albashi. Malam, maigidana, ya ce to mene ne amfanin? Na ce lada. Ya ce Allah ya sa ladan ya iya tuƙa tuwo. Dariya ya yi, bai hana ni ba.

Wannan littafin ragowar na makaranta ne, ni kaɗai zan karanta shi, don haka zan faɗi gaskiya a ciki. Da na ji an ce "har Tsamiyar Mati" gabana ya faɗi.

Laraba, 12 ga Yuli

Gida tara na shiga. Mata sun sa wa ma'aunin suna, wai awarwaron Tahira. Duk inda na yi sallama sai a ce ga mai awarwaro ta zo, a kamo yara. Yaran kuwa gani suke allura na kawo, sai gudu, wani har ƙarƙashin rumbu na zaƙulo shi.

Baba Zubairu, mai shekara kusan tamanin, ya tare ni a zaurensa ya naɗe hannun riga, wai shi ma sai na auna shi. Na ce Baba, na yara ne. Ya ce ai tsoho yaro ne da ya daɗe. Na zagaya masa don ya bar ni in wuce, ya fito kore, ya ce in rubuta in kai wa 'ya'yansa shaida, su daina cewa ba ya cin abinci.

Cikin yara sha huɗu, biyu ɗorawa, ba ja ko ɗaya. Alhamdu lillahi.

Asabar, 15 ga Yuli

Ruwa tun asuba, ban fita ba. Na koya wa kaina haɗa garin kunun da aka nuna mana: gero, waken suya, gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa. Na ƙona waken farko.

Alhamis, 20 ga Yuli

Na gama gida arba'in da ɗaya. Saura ɗaya.

Gida na arba'in da biyu gidan Inna ne, mahaifiyar Malam. Ita kaɗai ta rage a tsohon gidansu na Tsamiyar Mati, ta ƙi dawowa cikin gari, ta ce a nan aka kawo ta, daga nan za a ɗauke ta. Kuma a can yarinyar take.

Ko a nan ma hannuna ya ƙi rubuta sunan. 'Yata ce ta fari, mu kuwa a gidanmu ba a kama sunan ɗan fari. Uwata ba ta taɓa kiran Yaya da sunansa ba har ta rasu, "wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a yi masa wasa, ba a nuna an damu da shi. Haka na tashi na gani, haka na yi. Ga kuma kunya ta biyu a kai: sunan Inna aka sa mata. In na kira ta, sunan surukata na kama gatsau. Malam "Hajiya" yake ce mata, Inna ta ce "takwara", ni kuwa in ta kama dole sai in ce "yarinyar".

Wata biyu ke nan da aka kai ta yaye wurin Inna. An ce sati biyu, Inna ta riƙe ta, ba wanda ya ce uffan, don kowa ya san kaɗaici ya dame ta.

To yanzu in shiga gidan surukata, in jawo 'yar fari a gabanta, in kama hannunta in auna? Wato Inna ba ta iya reno ba ke nan, ni zan zo in duba aikinta? Wallahi ƙafata ta kai ni har gindin tsamiyar yau, na juyo.

Juma'a, 28 ga Yuli

Jiya cika-ciki. Muka kai wa Inna tuwon shinkafa da miyar wutsiyar ragon layya, da la'asar sakaliya.

Na gan ta. Tana zaune a bakin ɗaki, ba ta taso ba. A da in ta ji muryar Malam rarrafe take da gudu kafin ma ta iya tafiya. Na durƙusa na gaida Inna, idona yana ƙasa, amma ta gefen ido ina kallo. Gashin ya yi ja-ja. Kambun nan na fata da Inna ta ɗaura mata a damtse ranar da aka kawo ta yaye ya zamo har gwiwar hannu.

Sai abin da ya hana ni cin abinci. Inna ta zuba tuwo a ɗan kwano ta ajiye mata a tsakar gida, ta ce ci, takwara, yau ranar ƙoshi ce, ta koma kan tabarma muna hira. Yarinyar ta sa hannu sau biyu, ta tsaya. Kaji suka zo. Su biyar ne da zakara. Ita kuwa sai kallonsu take, har da ɗan murmushi, da alama sun saba. Kafin a ce me sun share kwanon.

Can Inna ta tashi, ta laluba kwanon da hannu, ta shafa cikinsa, ta ce, "Ma sha Allahu, tas! Kun gani ko? Kullum haka take cinyewa, amma jikin shiru. Kewar nono ce."

Malam yana waje wurin maza. Ni kaɗai na gani. Na ce, "Haka ne, Inna."

Haka ne, Inna! Ni Tahira, mai awarwaro, ma'aunin yana cikin jakata a ƙarƙashin hijabi.

Asabar, 29 ga Yuli

Na gaya wa Malam bayan ya dawo daga gona. Ban iya cewa yarinyar ta rame ba, sai na ce kamar idon Inna ya yi rauni.

Ya ce Inna da ke tsince tsakuwa a shinkafa?

Na ce yaushe rabonka da ganin ta tsince?

Ya ci gaba da kankare laka a fartanya. Sai ya ce su bakwai ta rena, ba wanda ya lalace, shi ba zai iya buɗe baki ya ce mata ta kasa ba. Ya ce in an yi girbi komai zai daidaita, kowane yaro yana faɗawa da damina.

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya kasa, ni ma shi na kasa.

Laraba, 2 ga Agusta

Ranar awo. An cika, har gindin dalbejiya. Muhsina, ɗaya daga matan gidajena, ta kawo tagwayenta, ɗaya ya fita daga ɗorawa ya koma kore, ta rungume ni a gaban mutane kamar ni na haife shi.

Da aka watse Malama Raudatu ta buɗe rajistata tana bin layi da biro. Ta tsaya a na ƙarshe.

"Arba'in da biyu fa? Ba kowa a gidan?"

Na ce akwai. Na yi mata bayani a gajarce, ina wasa da bakin hijabi.

Ta cire tabarau ta ce, "Tahira, wannan kunyar taku ta ƙauye! Kin auna 'ya'yan mutane sittin, taki ce za ki bari?"

Raina ya ɓaci. Na so in ce mata ba ƙauyanci ba ne, tarbiyya ce, su can birni da suke kiran ɗan fari gatsau har da sumbata a gaban surukai, me suka fi mu? Ban faɗa ba. Ta ce ta ba ni sati biyu, in ba haka ba ita za ta je da kanta. Na roƙe ta kar ta je. Baƙuwa ta shiga gidan Inna da takarda, gari ya ɗauka an kai ƙarar tsohuwa asibiti, ai shi ke nan an gama da ita.

A hanya na yi ta mayar mata da martani a zuciyata har na iso gida. Duk da haka maganarta ta ƙi fita daga kunnena.

Lahadi, 6 ga Agusta

Na samo dabara. Na haɗa garin kunu kwano guda, na ba Malam ya kai, ya ce tsarabar kasuwar Ɗambatta ce. Ya ce Inna ta yi ta sa albarka, ta ce kullum za ta dama wa takwara da kauri.

Na ji sanyi a raina.

Alhamis, 10 ga Agusta

Dabara ta biyu ba ta yi ba. Na roƙi Ramlat ta je a madadina, tunda ita ba ruwanta da kunyar gidan. Ta dawo tana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ta ce Inna ta karɓe ta hannu biyu, ta ba ta ruwa, ta ba ta gyaɗa. Da ta fito da ma'auni sai Inna ta jawo yarinyar ta sa a bayanta, ta ce, "Takwarata ba gero ba ce da za a auna ta. Ki gaida mutanen gida."

Sai Ramlat ta rage murya ta ce, "Tahira, ban auna ba, amma idona ya auna. Kar ki jira sati biyun nan."

Na ce to. Na shiga ɗaki na ninke kayan da na riga na ninke.

Litinin, 14 ga Agusta

Na je gidan Inna da sunan rubuta tsofaffi. Na yi sallama a hankali, Inna ta ɗago ta dube ni sosai ta ce, "Ramlat, kin dawo?" Sai da na sake magana ta ce au, 'yar nan, ke ce, rana ce ta haske min ido. Ranar kuwa hadari ne.

Na ce masu duba ido za su zo, kyauta ne. Ta ce a ba masu bukata, nata idon ras yake.

Yarinyar tana kwance a kan zani. Kajin Inna sun yi ƙiba, sheƙi kawai suke. Garin kununa ya karɓe su.

Na yi dariya a hanya, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba. Na tsaya cikin gero har na gama, don kar wani ya gan ni.

Juma'a, 18 ga Agusta

Ina tsoro. Na rubuta dai, ina tsoro. Sati biyun Malama sun cika, na roƙe ta ta ƙara min ɗaya.

Talata, 22 ga Agusta

Zan rubuta duka.

Da hantsi na tafi. Ban shirya magana ba, ban gaya wa Malam ba. Na tarar Inna ta dama kunu ta ajiye mata a tsakar gida, ta zauna tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta na zauna a gefen tabarma. Kaji suka taho kamar an kira su. Yau ko hannu yarinyar ba ta sa ba.

Ban san na miƙe ba. Sai dai na ji kaina ina cewa "Kss! Kss!" ina jifansu da takalmi, har kwanon ya kife.

Inna ta ce, "Lafiya, 'yar nan?"

Na durƙusa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ba ita take cinyewa ba. Kaji ne."

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Na jira ta ce in tashi in bar mata gida.

Sai ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce ni dai tun cika-ciki na gani.

"Tun cika-ciki. Kika yi shiru."

Na ce kunya ce, Inna.

Ta ce, "Kunya." Ta maimaita a hankali. Daga nan ta ce in miƙo mata takwara. Na ɗauko ta. Wannan ne karo na farko da na ɗauke ta a gaban Inna tun da aka yi suna, kuma ba ta da nauyi, wayyo Allah, ba ta da nauyi ko kaɗan.

Inna ta laluba hannun, ta kwance kambun, ta miƙo min. Ta ce in shafa zaren. Ƙulli uku ne a jiki.

Ta ce, "Ni ma ina da nawa ma'aunin. Duk sanda ya zame sai in ƙulla in rage shi. Sau uku ke nan. Hannuna yana gaya min tana ƙarewa, kwano yana gaya min tana ci. Na rasa wanda zan gaskata. Na sayi rubutu, na yi hayaƙi, na ce ko baki ne. Ashe ni ce."

Na ce ba ke ba ce, Inna.

Ta ce, "Fito da naki."

Na fito da shi. Yaro sittin na auna ban taɓa kuskure ba, yau sau uku ina zagayawa yana kuɓucewa. Yarinyar tana kallona da manyan idanu, ba ta yi kuka ba.

Inna ta ce, "Me ya nuna?"

Na kai ma'aunin dab da fuskarta. Ta ƙura masa ido, sannan ta kawar da kai.

"Ki faɗa min da baki. Ni komai fari nake gani, kamar an tura hayaƙi a ɗaki. Shekara guda ke nan."

Na ce, "Ja ne, Inna."

Ta gyaɗa kai. Hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba. Abin da ta tambaya bayan nan shi ya fi karya min zuciya. Ta ce, "Za ku ɗauke min ita ko?"

A nan na gane abin da ya sa ta kori Ramlat, da abin da ya sa ido ras yake. Ni ina ɓoye tsorona don kar in kunyata ta, ita tana ɓoye nata don kar gidan ya koma shiru.

Ban yi shawara da kowa ba na ce, "Ba mai ɗauke ta. Ni zan riƙa zuwa. Amma gobe mu uku za mu asibiti, ita a duba hannu, ke a rubuta ki a masu ido."

Ta ce, "Ke da na sani ba kya iya haɗa ido da ni, yau har da ba ni umarni?"

Na ce a yi haƙuri.

Ta ce, "Tashi ki dama wani kunun. Ki ba ta da hannunki, ni zan juya baya in kunyar ce."

Kuma ta juya ɗin. Cokali shida yarinyar ta sha.

Laraba, 23 ga Agusta

Malam ya kai Inna a babur, ni na goya yarinyar na bi ta cikin gonaki. Jiya da na gaya masa sai ya fita, ya dawo da kwando babba na kife kaji.

A asibiti mutane sun yi ta kallo, mai awarwaro ta kawo tata. Ba wadda ta yi min dariya. Muhsina ma matsawa ta yi ta ba ni wuri.

Malama Raudatu ta auna, ta ɗora ta a sikeli, ta danna ƙafarta ta ga ba kumburi, ta gwada ta da madarar tamowa, wannan mai kama da tunkuza a 'yar leda. Yarinyar ta lasa, ta ƙara. Malama ta ce alhamdu lillahi tunda tana karɓa ba sai an kwantar da ita ba, a gida za a yi. Ba ta ce "ai na gaya miki" ba. Na yafe mata maganar ƙauye.

Sai ta ɗauko kati ta ce, "Sunan yarinya?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ga Inna a gefena.

Inna ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ke likita, bar ta. Sunana ne. Ki rubuta shi sau biyu, kati ɗaya na hannu, ɗaya na ido." Ta faɗi sunan da bakinta, har da na mahaifinta, aka yi ta dariya, Malama ta ce na yarinyar dai sunan ubanta Malam Sabiru za a sa a gaba.

Na cike layi na arba'in da biyu. Wurin suna na ba Ramlat ta rubuta.

Talata, 29 ga Agusta

Kullum sau biyu nake zuwa, da hantsi da bayan la'asar. Na rana Inna ke bayarwa, a cinya, kaji a kife. Tana lalubar bakin da yatsa kafin ta kai cokali.

Inna ta daina juya baya. Ni ma na daina lura.

Alhamis, 7 ga Satumba

Masu ido sun zo. Tsofaffi ashirin da uku na kawo musu. Baba Zubairu ya karanta har layin ƙasa, ya ce a ba shi tabarau duk da haka, don kwalliya. Ita Inna an ce yanar ido ce a duka biyun, za a yi mata aikin ɗaya tukuna a Kano, ƙarshen wata.

Ta tambayi likitan ko za ta ga fuskar mutum. Ya ce in sha Allahu har ƙwayar gero.

Laraba, 13 ga Satumba

Ɗorawa! Inna ta kwance ƙulli ɗaya.

Yau yarinyar ta ƙwace cokalin ta buga min a goshi. Na ji zafi, kuma na ji daɗi.

Litinin, 25 ga Satumba

An tafi da Inna Kano, ita da mutum shida, Malam ya raka ta. Kafin ta hau mota ta danƙa min hannun yarinyar ta ce, "Aro na ba ki."

Ga ta nan a tsakar gidana tana bin tunkiya. An fara yankan gero, na gasa mata tumu na murje a tafin hannu, ta cinye ta miƙo hannu. Ba kowa a gidan sai ni da ita. Na yi mata wasa. Na yi mata waƙar da ban san na iya ba. Na ce mata abubuwa.

"Tahiya" take ce min. Haka ta ji ana kirana.

Juma'a, 29 ga Satumba

Sun dawo jiya, yau na mayar da aro. Inna tana zaune a inuwa da baƙin tabarau, sai ka ce matar gwamna. Da muka shiga ta ɗaga shi kaɗan, duk da an hana ta.

Ta daɗe tana kallon yarinyar. Ta ce, "Ashe haka kike. Ashe goshin Sabiru ne." Ta ɗaga hannun ta juya shi, ta ce in wannan ne bayan ta murmure, to gara da Allah bai nuna mata na baya ba.

Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kuma kin rame. Wa zai auna mai awo?"

Ta sa Malam ya yanka zakaran nan. Ta ce ya ci na takwara, yau takwara za ta ci shi.

Laraba, 11 ga Oktoba

Kore. Sau biyu Malama ta auna, kore. Ta ce mu dawo sati mai zuwa a tabbatar, sannan a sallame mu. Inna ta kwance ƙulli na ƙarshe tun a kan benci, da idonta, ba lalube.

Wani abu ya faru a hanyar dawowa, ba wani abu ba ne dai. Mun tsaya a bakin titi Inna tana gaisawa da su Baba Zubairu. Na sauke yarinyar in gyara goyo. Ta hango ɗan akuya a tsallake, ta zura da gudu, yanzu ai ƙafa ta samu. Ga amalanken shanu ya taho da dammunan gero.

Sai na ji wata ta ƙwala kira, "Hafsatu!"

Yarinyar ta tsaya cak ta juyo. Amalanke ya wuce.

Inna ma ta juyo ta ce, "Na'am?"

Na rufe bakina da hijabi, na so ƙasa ta tsage. Inna ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi yarinyar, ta ce, "Wacce daga ciki? Don mu biyu muka amsa."

Baba Zubairu ya yi dariya har da tari. Na ce ban san ya fita ba, Inna, a gafarce ni. Ta ce ita ba ta ji komai ba, ido aka gyara mata, ba kunne ba.

Tsautsayi ne kawai, ba zan ƙara ba.

Gobe akwai gida shida a bayan masallaci, kuma waken suya ya ƙare. In gaya wa Malam in zai je Ɗambatta ya sayo wa Hafsatu takalmi, wancan ya matse ta.